Allin Tela a Wuyan Abu Ashara

Kawuna tela ne, kuma tun da na buɗe ido na san shi bai taɓa sayen sabon keke ba. Duk kekunan ɗinkin da suka ratsa rakubarsa, wato rumfarsa ta bakin kasuwa, tsofaffi ne, wasu daga Sinnar, wasu daga Wad Madani, ɗaya ma daga ɗakin wata tsohuwa a Mai Wurno aka fito da shi, ta lulluɓe shi da zane tun rasuwar mijinta. Idan aka kawo masa keke, ko kallon zanen ruwan zinaren da ke jikinsa ba ya yi. Abu uku yake yi, kullum a jere ɗaya. Zai sa yatsa ya juya wili a hankali, ya kara kunne yana sauraren tafiyar ƙoshiya. Sannan ya kwantar da kan keken baya, ya leƙa cikinsa ya ga waɗanne ƙarafa ne na haihuwa, waɗanne ne aka aro daga wani keken. Daga ƙarshe sai ya zaro guntun allin da yake zana yadi da shi daga bayan kunne, ya goga a kan lambar da ke gindin keken ta hannun dama, ya hure, lambar ta fito fari tas. Duk wannan lokaci mai keke yana ta zuba: daga hannun Bature ya fito, ba a taɓa buɗe cikinsa ba, uwargidan wani mufattish ce ta yi aiki da shi sau biyu ta ajiye. Kawu sai gyaɗa kai, ba ya musu. Amma kuɗin da zai taya, daga abin da alli ya nuna yake fitowa.

Wata rana da la'asar sakaliya, lokacin ina koyarwa a makarantar firamaren ƙauyenmu, wani dattijo maƙwabcinmu ya shigo rakubar da wani dogon abu naɗe cikin buhun auduga. Man keke ya zo roƙo. Ya ce damina ta shiga jinkar ɗakinsa, ta taɓa ajiyar mahaifinsa. Da ya warware buhun sai ga bindiga, baƙa wuluk don tsufa, tsatsa ta cinye cikin bututunta har ba a ganin haske ta ɗaya bakin. Wuyan ƙotarta ya taɓa tsagewa, wani ya zura masa ɗanyar fatar wutsiyar sa, ta bushe ta kama shi kamar an haife su tare. Dattijon ya shafa ta da tafin hannu, ya ce, "Ƙanena, wannan da kake gani ta ga Karari. A filin aka tsince ta, daga hannun Baturen da ya faɗi."

Kawu ya karɓa da hannu biyu. Ban taɓa ganin ya riƙe bindiga ba, kuma bai iya karatun boko ba. Amma abin nan uku ya yi. Ya ɗiga mai, ya jira, ya ɗaga mariƙin ƙarfen nan da ke gefe ya ja baya a hankali yana kara kunne. Ya leƙa ciki ya tabbatar babu komai. Sannan ya juya ta yana neman inda maƙeranta suka sa hannu, har ya samu wurin, a jikin zoben ƙarfen da ya haɗa ƙota da gangar jiki, daidai ƙarƙashin mariƙin. Ya goga alli, ya hure, ya miƙo mini. "Ɗana, karanta mana."

Ga abin da ya fito, layi bisa layi: kambin sarauta a sama, ƙarƙashinsa G.R., sai B.S.A. Co, sai 1918, sai Sht L.E., sai III da ɗan tauraro a gefe.

Yaƙin Karari ranar 2 ga Satumba 1898 aka yi shi. Bindigar nan kuwa sai bayan shekara ashirin aka ƙera ta. A ranar ban san abin da sauran haruffan suke nufi ba, shekarar kaɗai na gane, na kuwa yi shiru ina kallon Kawu. Amma daga ranar ne abin ya shiga raina, har na shafe shekaru ina bin diddigin irin waɗannan rubuce-rubuce, kamar yadda Kawu ya haddace lambobin kekuna.

Wannan ƙarfe da ake ja baya a mayar, shi ne ya ba wa dangin waɗannan bindigogi sunansu. Larabawan ƙasarmu tirbas suke ce masa, kalmar da suke kiran sakatar ƙofa da ita, kuma a Hausa ma babu sunan da ya fi sakata dacewa da shi. Duk wanda ya taɓa kulle ƙyauren gidansa da dare ya san aikinta: ka ɗaga, ka ja, ka tura, ka kwantar. Bambancin bindigogin soja na wancan zamani kusan duk a nan yake, a inda sakatar take kamawa. Ta Jamus, wato Mauser ta 1898, a can gaba take cizo, kusa da harsashi, ƙarfi gare ta, kuma biyar take ci. Ta Ingila a baya take kamawa, mariƙinta na kusa da kunama, tafiyarta gajera ce, shi ya sa take da sauri, har kafin yaƙin 1914 ana bukatar sojan Ingila ya iya harbi 15 cikin minti ɗaya yana samun abin da ya auna. Gidan harsashinta goma yake ɗauka. Don haka a Sudan ba wanda ya wahalar da harshensa da sunan Lee-Enfield, sai aka ce Abu Ashara, yadda manoman Jazira suke kiran magudanan ruwan gonakinsu Abu Ishrin da Abu Sitta. 'Yan uwanmu na Najeriya kuwa, da suka fi sanin ƙanwarta a kafaɗar 'yan sanda, Mak-fo suke ce mata.

G.R. ɗin nan sunan sarki ne a taƙaice, Sarki Joji na biyar, wanda ya hau gadon Ingila a 1910. Da ta zamanin Karari ce, V.R. za a gani, na Sarauniya Biktoriya. Sht L.E. kuwa na nufin gajeriyar Lee-Enfield, kuma gajartar ma shaida ce. Waɗanda sojojin Ingila suka riƙe a Karari dogaye ne, bututunsu inci 30, bakinsu tsirara ya zarce katako. Sai da Turawan Bowa na Afirka ta Kudu suka gasa musu aya a hannu tsakanin 1899 da 1902 sannan suka rage tsawon zuwa inci 25, don mai doki da mai ƙafa su riƙa ɗaukar iri ɗaya, suka rufe bututun da katako har baki, shi ya sa hancinta ya zama dungu. Samfuri na III a 1907 ya fito. Ɗan tauraron nan kuwa shi ya fi burge Kawu da na yi masa bayaninsa daga baya. Da yaƙin duniya na farko ya yi tsanani, ana neman bindigogi fiye da yadda maƙera za su iya fitarwa, sai aka zubar da wasu ƙawace-ƙawace: ɗan murfin da ke tare harsasan cikin gida, da ma'aunin harbin nesa da ke gefe. Duk wadda aka yi wa wannan ragi sai a buga mata tauraro. Kawu ya ce, "Ashe ɗinkin jajiberin salla ce." Kuma haka ne. Rigar ta rufe jiki, ɗinkin bai warware ba, amma ba a tsaya yi wa aljihu aiki ba.

To me aka riƙe a Karari? Iri uku ne, kuma duk wanda yake son gane abin da ya faru a wannan fili sai ya bambanta su. Ansar, mayaƙan Mahadiyya, waɗanda suke da bindiga a cikinsu, galibi Remington ce a hannunsu, mai cin harsashi ɗaya, wadda aka kwashe da yawa daga rundunar Hikis Basha a Shaikan cikin Nuwamba 1883, ta tsufa, albarushinta kuma na ɗurin gida ne. Bataliyoyin Masar da na Sudan da ke bayan Kicina, shugaban yaƙin Turawa, Martini-Henry suka riƙe, ita ma ɗaya take ci, tana tada farin hayaƙi. Turawan Ingila su ne masu sakata: Lee-Metford, wadda aka karɓa aikin soja a 1888, da sabuwarta Lee-Enfield ta 1895. Sakatar da gidan harsashin aikin James Paris Lee ne. Sunan na biyu kuma na tsagin cikin bututu ne, wanda ke murɗa harsashi ya tafi miƙe. Na Metford bakwai ne marasa zurfi, sun dace da baƙin albarushi, amma da aka koma sabon albarushi marar hayaƙi sai zafinsa ya riƙa cinye su, shi ne maƙerar gwamnati ta Enfield ta fito da nata guda biyar masu zurfi. Da waɗannan aka buɗe wa Ansar wuta tun suna nesa da kusan yadi 2,000, ga Maxim mai jigida, ga igwa daga tudu da kogi. Bindigogin sun yi zafi har ana musanya su da na waɗanda ke layin baya. Kafin azahar an kashe Ansar fiye da 10,000, ɓangaren Kicina kuwa waɗanda suka mutu ba su kai 50 ba. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya nuna wuyar a ce an tsinci bindigar Bature a wannan fili.

Ba sha'awar makami ce ta sa nake wannan dogon bayani ba. Mu nan, da muke shan ruwan Nil Azrak muna magana da harshen Sakkwato da Kano, ƙarfe irin wannan yana cikin abin da ya kawo da yawa daga cikinmu. Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas da jama'a, aka tsare su a Burmi, ranar 27 ga Yuli aka kashe shi tare da mutane fiye da 600, masu takobi da mashi da baka a gaban bindigogin zamani da Maxim. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ne ya ja ragowar suka ci gaba da tafiya, har wajen 1906 suka sauka a Shehu Talha, daga baya suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa a kudu da Sinnar. Sun gudo daga Nasara sun tarar da Nasara, domin shekara biyar kafin Burmi aka yi Karari. Wasu kakanninmu alhazai ne da guzuri ya ƙare musu a hanya, wasu aikin madatsar Sinnar da aka gama a 1925 da tsinkar audugar Jazira suka zaunar da su. Amma tushen garin sarkinmu daga bakin bindiga ya taso. Wanda ya gaji irin wannan labari, ya kamata ya iya duban ƙarfen ya ce wannan ce, wannan ba ita ba ce.

Abin da ban zata ba, da na zurfafa, shi ne in tarar keken Kawu da bindigar dattijo 'yan gida ɗaya ne. B.S.A. kamfanin maƙeran bindiga ne na Birmingham, an kafa shi a 1861, kuma idan kasuwar yaƙi ta kwanta sai su koma ƙera keken hawa da babur. Duk wanda ya taɓa ganin tsohon keken B.S.A. ya duba tambarin da ke goshinsa: bindigogi uku ne aka jingina kai da kai. A 1957 suka sayar wa Raleigh sashen kekunan. Singer kuwa, wadda babbar masana'antarta ta Clydebank a Sukotland ta cika kasuwanninmu da kekunan da harafin K ke bin lambar samfurinsu, a yaƙin duniya na biyu ta ƙera wa ƙanwar Abu Ashara, mai lamba 4, banati da ma'aunin saiti, kuma har yau ana ganin haruffan kamfanin a jikinsu. Husqvarna ta Suwidin da bindiga ta fara, ta shiga keken ɗinki a 1872, ta kuma daɗe tana yin duka biyun. Dalilin a fili yake. Injin da zai yanka ƙarfe dubu su fito daidai wa daida, har a ciro na wannan a sa wa wancan ya zauna, shi keken ɗinki ke bukata, shi bindigar soja ke bukata. Hannun da ya saba da ɗaya ba baƙo ba ne a wurin ɗaya. Shi ya sa Kawu bai yi dabur-dabur ba.

Ya kuwa gano abin da ni mai karatu ban lura da shi ba. Ya goga alli a gangar jikin bindigar, lamba ta fito. Ya goga a bayan mariƙin sakata, wata lamba ta fito daban. Ya ce, "Sakatar aro ce." A maƙera, lamba ɗaya ake buga wa gangar jiki da bututu da sakata da murfin hanci, domin an daidaita su da juna. Masu tara irin waɗannan bindigogi a Turai da Amurka da Ostireliya, wannan suke fara dubawa, kuma wadda lambobinta suka zo ɗaya ta fi tsada nesa ba kusa ba. Suna duba ɗan tambarin nan mai kama da sawun kaza, wanda ke nuna kayan gwamnatin Ingila ne, idan kuma sawu biyu suka haɗa baki, to an sallame ta daga aiki an sayar. Suna duba F.T.R., alamar an mayar da ita masana'anta an yi mata gyaran ƙasa da sama. Suna duba D.P., wadda ke cewa ta fareti ce kawai, kada a kuskura a harba. Suna duba ɗan faifan tagullar da ke kumatun ƙota, inda ake buga sunan runduna. Sun san ta Lithgow a Ostireliya, sun san ta Ishapore a Indiya mai G.R.I., sun san mai lamba 4 ta Long Branch a Kanada da ta Savage a Amurka. An ƙera Lee-Enfield kimanin miliyan 17, don haka aikin rarrabe su ba ƙarami ba ne, kuma ina girmama waɗanda suka ba shi rayuwarsu.

Inda na rabu da su shi ne kan fatar wutsiyar san nan. A idon yawancinsu aibi ce, abin da za a yanke a jefar, a nemo sabon katako a sa, a mayar da bindigar yadda ta fito daga Birmingham. Ni kuwa a ganina fatar nan ita ce rubutun da namu suka yi a kanta. Bature ya rubuta layi shida ya tsaya a 1918. Duk abin da ya biyo baya, hannun da ya goge katakon har ya yi sheƙi, wanda ya ɗaure tsaguwar, wanda ya nemo mata sakatar wata da tata ta ɓata, a gyare-gyaren yake. Keken Kawu mafi soyuwa gare shi bel ɗinsa na fatar raƙumi ne, wani maƙeri a Sinnar ya ɗora masa ƙarfen taka ƙafa, kuma bai taɓa jin ya rage daraja ba. Wajen 2020 wani kamfanin Amurka ya kwashe dubban tsofaffin bindigogi daga rumbunan gwamnatin Habasha ya kai can ya sayar, da yawansu da irin wannan ɗauri na fata da waya da ƙusoshin ado. Na yi baƙin ciki da na ji wasu masu saye suna kankare su.

Jabu ma akwai, kuma hanyar kama shi ɗaya ce da ta keke. Kawu ya sha ganin keken Butterfly na Sin ko Usha na Indiya an manna masa tambarin Singer. Su ma kekuna ne na kirki, kwaikwayon samfurin Singer mai lamba 15 aka yi da su, amma kama da wane ba wane ba ne. Kawu ba ya kula da fenti, lamba da ƙirar ciki yake bi. Haka maƙeran Darra Adam Khel, kusa da mashigar Khaibar a Pakistan, suka daɗe suna kwaikwayon bindigogin Ingila da guduma da zarto, har da kambi da haruffa. Sai dai su zanen suke kwafa, ba ma'anar ba. Sai ka ga an juya harafin N baya a cikin ENFIELD, ko ka ga V.R. a kan shekarar da ta wuce 1901, alhali a Janairun wannan shekara Biktoriya ta rasu. Alli kaɗan ya isa ya tona.

Mu na kusa da iyakar Habasha kuma muna da baƙin da ba a cika gani a arewa ba. A Yulin 1940 Italiya ta shigo ta kama Kasala da Gallabat da Kurmuk, kuma sai farkon 1941 aka fitar da ita. Bindigarta Carcano ce ta 1891, shida take ci, an jera su cikin wani ɗan ƙarfe da ke faɗowa ta ƙasa idan sun ƙare. A gindin bututunta za ka ga sunan garin da aka ƙera ta, Terni ko Brescia ko Gardone, da shekara iri biyu, ta miladiyya da ta mulkin Musolini da lambobin Rum, wadda ake ƙirgawa daga Oktoban 1922, misali 1940 tare da XVIII. Askarawanta baƙaƙe sau da yawa ba ita ake ba su ba, sai tsofaffin Mannlicher na Ostiriya da Italiya ta samu bayan yaƙin farko, masu sakatar da ake ja miƙe ba tare da an ɗaga ba, a ƙotarsu an buga A.O.I., wato Gabashin Afirka ta Italiya. Akwai kuma kakarsu duka, Gras ta Faransa ta 1874, mai sakata amma mai cin ɗaya, wadda ta cika Habasha tun zamanin Sarki Menelik, har Amharawa suka narkar da sunanta ya koma wujigra. Rubutun jikinta kwantacce ne kamar na wasiƙa, da sunan Saint-Étienne ko Châtellerault ko Tulle.

Na san yadda maganar bindiga take a kunnen mutanenmu yau. Mun binne 'yan uwa a Rusairis da Damazin da Wad al-Mahi a rikicin 2022. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 kuwa babu gidan da bai ji ba. Wad Madani ta faɗi a Disamban wannan shekara, Sinja a Yunin 2024, kuma ko da aka karɓo su, abin da ya tafi ya tafi. Yaranmu sun iya bambanta ƙarar bindigar Kalash da ta Jim tun ba su iya karatun Fatiha da kyau ba. Don haka ba na kiran kowa ya tara bindiga a ɗaka. Dokar makamai ta 1986 tana nan, kuma tsohon ƙarfe mai tsatsa da sakatar aro mai riƙe da shi yake fara ci. Tarawar da nake nufi ta littafi ce. Gidan Halifa da ke Umdurman, wanda aka mayar gidan tarihi tun 1928, nan ne a da ɗan makaranta kan je ya ga makaman Mahadiyya da idonsa, kuma yana cikin wuraren da aka wawashe a wannan yaƙi, tare da babban gidan tarihi na Hartum. Abin da aka sace, idan akwai hotonsa da lambarsa a rubuce, ana iya gane shi ranar da ya ɓulla a wata kasuwa. Wanda ba a rubuta ba ya zama na wanda ya ɗauka. Littafina na makaranta ne mai bango shuɗi, kowane shafi bindiga ɗaya: abin da alli ya nuna a dama, abin da mai ita ya faɗa a hagu, ba na haɗa su, ba na kuma zubar da ɗaya.

Wannan rabon shafi daga Kawu na koye shi, a wannan la'asar ɗin. Da na karanta shekarar na yi shiru, bai ce wa dattijon ka yi kuskure ba. Ya tura yaro ya kawo jabana. Sai da aka sha kofi na farko sannan ya ce, "Yaya, da bakinsa Baba ya ce maka Karari?" Dattijon ya yi jim. Ya ce a'a, cewa yake yi ta ga yaƙin Turawa, su ne yara suka ɗauka Karari ce, don ita ake karanta musu a makaranta. Kawu ya ce, "To shi Baba, wane yaƙi ya gani?" Sai ga labari ya ɓalle wanda ko 'ya'yan dattijon ba su taɓa ji ba. Mahaifinsa yana cikin masu jan raƙuma da aka ɗauka haya lokacin da aka mayar da Sarki Haile Selassie ƙasarsa ta Habasha. Wannan kuwa sananne ne: ranar 20 ga Janairu 1941 sarkin ya ƙetare iyaka a Ummu Idla, tare da rundunar Baturen soja Wingate da bataliyar iyaka ta Rundunar Tsaron Sudan, da dubban raƙuma da kusan duk suka mutu a hawan duwatsun Gojjam. Sojojin Sudan na wannan tafiya Abu Ashara ce a kafaɗarsu, irin wannan mai dungun hanci. A wannan shekarar ma, daga kudu, sojojin Najeriya masu jin Hausa suka taso daga Mogadishu suka nufi Harar da irinta. Ƙarfe ranar haihuwarsa kawai yake faɗa, ba ya lissafa inda ya kwana. Amma 1918 ba ta yi faɗa da wannan labari ba ko kaɗan. Dattijon ya faɗi sunan raƙumar da mahaifinsa ya fi so, da yadda ya dawo a ƙafa, ƙafafunsa naɗe da tsumma. Yana faɗa muryarsa tana rawa.

Kawu ya gama shafe ta da mai, ya goge da ƙyallen yadi. Yana juya ta sai farcensa ya kama wata 'yar ƙofa a farantin tagullar da ke gindin ƙota. Ya ɓanɓare ta, sai ga rami a cikin katakon, inda soja ke ajiye 'yar kwalbar mai da igiyar share bututu, kamar aljihun keke da ake zuba allura da kwarkwaro. Babu komai ciki sai ƙura. Dattijon shekara sittin yana tare da ita bai san da ramin ba. Ya dube ni ya ce, "Malam, rubuta mini abin da ka karanta, ka sa na mahaifina a ƙasa, da ajami, don jikokina su iya." Na yage shafi na rubuta. Ya sa na karanta masa sau biyu, ya gyara mini sunan raƙumar. Sannan ya naɗe takardar siririya kamar laya, ya zura ta cikin ramin, ya danne 'yar ƙofar da babban yatsa har ta yi ƙas, ya mayar da ajiyarsa cikin buhu. Ana kiran magariba ya fita, Kawu kuma ya mayar da allinsa bayan kunne ya rufe keke.